Mumbari biyar, mutum uku: me kuka gani a muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa ta ranar 19 ga Janairu 2019?

Baban Amira:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yanzu na shigo gida, kuma wallahi raina a ɓace yake, shi ya sa na ce bari in amayar da abin da ke cikina kafin in kwanta. Tun la'asar aka ɗauke mana wuta, don haka bayan magariba na tafi teburin mai shayin bakin layinmu. Na ba shi kuɗin lita ɗaya, naira 145, na roƙe shi ya bar janareta a kunne ya kamo mana NTA. Samarin unguwa duk sun tafi gidan kallo, Arsenal na wasa da Chelsea. Mu bakwai ne kawai a kan benci, har da wani dattijo mai gadin makaranta da ya zo da 'yar rediyonsa a aljihu.

Aka nuno zauren otal ɗin Transcorp Hilton na Abuja. Mumbari biyar a jere, kowanne an tanadar wa mutum guda. Aka kira Oby Ezekwesili ta ACPN ta fito, Fela Durotoye na ANN ya fito, Kingsley Moghalu na YPP ya fito. Wurin Shugaba Buhari babu kowa, wurin Atiku, Wazirin Adamawa, babu kowa. Dattijon nan ya ƙura wa akwatin ido, ya tambaye ni, "Yaro, Baban bai iso ba ne?" Na ce masa ba zai zo ba. Ya ce to Wazirin fa? Na ce an ce ya zo har wurin amma ya juya. Ya shanye shayinsa, ya kakkaɓe rigarsa ya tafi. Kafin a yi rabin awa saura ni da mai shayi.

Tambayata ita ce: mutum biyun da kowa ya san ɗaya daga cikinsu ne zai mulke mu bayan zaɓen da aka sa ranar 16 ga Fabrairu 2019, me ya hana su tsaya awa biyu su amsa tambaya? Ni a wurina wannan raini ne, kuma duka biyun suka yi mana.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam Malam. Ka yi wa Baba adalci mana. Yau da safe yana jihar Neja, ya buɗe tashar jiragen ruwa ta Baro, ya yi gangami, daga nan ya wuce Jos. Ka ga taron da ya tarbe shi kuwa? Festus Keyamo, mai magana da yawun kamfen ɗinsa, ya fitar da sanarwa ya yi bayanin duk wannan. Mutum mai shekara 76 ya yi jihohi biyu a yini ɗaya, sannan a ce ya zo ya tsaya da daddare yana cacar baki da waɗanda ko kansila ba su taɓa ci ba? Aikinsa shi ne muhawararsa. Je ka hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja ka gani, je ka Kebbi ka tambayi manoman shinkafa.

Baban Amira:
Ƙanina, an sanar da ranar nan tun watan jiya. Wanda ya tsara masa zuwa Neja da Filato a ranar 19 ga Janairu ya san da muhawarar. Da an so zuwa, da an matsa gangamin gaba da kwana ɗaya.

Sarkin Yaƙin Waziri:
Yauwa Baban Amira, amma kada ka haɗa su a kwano ɗaya. Atiku daga Amurka ya sauka, bai ko huta ba ya wuce wurin. Da ya tabbatar Buhari ba zai zo ba sai ya ce shi muhawarar shugaban ƙasa ya zo, kuma ba a yi wa mutum aski ba ya nan. Ina laifinsa? Gwamnati mai ci ake son a titsiye, mai gwamnatin kuma ya ƙi zuwa. Da ya tsaya, su ukun nan kansa za su koma, a wayi gari shi ke amsa laifin shekara 16 na PDP, wanda ya kamata ya amsa na shekara huɗu yana gida yana barci.

Malama Maman Sadiq:
Ɗan'uwa, ka faɗi dalilin da ya sa ya gudu da bakinka ba ka sani ba. Idan yana tsoron a tambaye shi shekara 16 na PDP, ai shi ma yana da tambayar da ba ya son amsawa ke nan. Shekara takwas yana mataimakin shugaban ƙasa, shi ya jagoranci majalisar sayar da kamfanonin gwamnati. A makon nan ya ce zai sayar da NNPC ko da za a kashe shi. Ni ina son in ji: wa zai sayar wa, nawa litar mai za ta koma, me zai faru da ma'aikatan? Allah ya ba shi fili, gidajen talabijin da rediyo na ƙasa duk sun haɗa, abokin hamayyarsa bai zo ba. Da ya tsaya ya nuna mumbarin da babu kowa ya ce wa 'yan Najeriya ku gani, da ya fi masa wannan sanarwar da ya fitar. Ai ba Buhari zai jefa masa ƙuri'a ba, mu ne.

Sarkin Yaƙin Waziri:
Malama, ranar 30 ga wata zai zauna da 'yar jarida Kadaria Ahmed a hirar talabijin shi da abokin takararsa Peter Obi, duk za ki ji amsar waɗannan.

Ɗan Fagge:
To ai Baba ma ya zauna da ita ranar Laraba, shi da Osinbajo, awa biyu cur. Me ya rage kuma?

Malama Maman Sadiq:
Na kalla daga farko har ƙarshe. Ina girmama Baba, na zaɓe shi a 2015, na yi layi tun bakwai na safe da goyo a bayana. Amma mu ji tsoron Allah, tambayoyi da yawa Osinbajo ne ya amsa su, wasu ma sai an maimaita wa Baba kafin ya ji. Kuma zama da 'yar jarida daban, tsayuwa kusa da wanda ke neman kujerarka daban. 'Yar jarida za ta tambaye ka ta wuce. Abokin hamayya zai ce maka ƙarya ne, ga lissafi.

Alhaji Na Ƙofar Mata:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni na girme ku duka a nan. A 1993 ina da shekara talatin da 'yan kai, na kalli Abiola da Bashir Tofa a NTA kafin zaɓen 12 ga Yuni. A falon maƙwabcinmu muka kalla, talabijin baƙi da fari, mutane har tsakar gida. Su biyu ne kaɗai 'yan takara, SDP da NRC, kuma duka suka fito suka tsaya. Washegari a kasuwa babu hirar da ake yi sai ita. Kun san kuma Abiola ya ci Tofa a jihar Kano, jiharsa ta haihuwa. Ba na cewa muhawarar ce kaɗai ta jawo haka, Abiola ya daɗe yana hulɗa da Arewa, amma mutane sun gan su da idonsu sun auna.

Tun da aka dawo mulkin farar hula kuwa sai abin ya zama al'ada: wanda ya ga yana gaba ba ya zuwa. Obasanjo bai tsaya da Olu Falae ba a 1999. 'Yar'Adua, Allah ya jiƙansa, bai je ba a 2007. A 2011 Buhari da Ribadu da Malam Shekarau suka je ta gidan talabijin na NN24, Jonathan ya ƙi zuwa. Da aka shirya wata daga baya su ukun suka ce ba za su ba, Jonathan ya tsaya shi kaɗai yana amsa tambaya. A 2015 Buhari ya ƙi zuwa, 'yan PDP suka yi ta surutu. To kun ga kowa ya ɗanɗana, kowa kuma ya ɗanɗana wa wani. Ɗan Fagge, a 2011 mu magoya bayan Buhari mu ne muke cewa Jonathan ya ji tsoro. Na tuna da bakina na faɗa. Ba zan zo yau in ce abin da na kira tsoro a wancan lokacin ya zama hikima ba.

Ɗan Fagge:
Allah ya ƙara girma Baba Alhaji. Amma ka taimake ni da misalinka. A 2011 kowa ya yarda Malam Shekarau ne ya fi kowa iya magana a daren nan, har 'yan Kudu suna yaba shi. Da aka zo zaɓe ƙuri'arsa ba ta kai miliyan ɗaya ba. Jonathan da bai je ba ya samu sama da miliyan 22. To mene ne amfanin muhawarar?

Alhaji Na Ƙofar Mata:
Gaskiyarka ɗana, haka aka yi. Amma ni ban ɗauke ta a matsayin hanyar cin zaɓe ba. Hakki ne. Idan za ka ba mutum auren 'yarka, ko da ka riga ka yanke shawara a zuciyarka, ai sai ya zo ya durƙusa ya gaishe ka, ka tambaye shi sana'arsa. In ya aiko cewa yana da uzuri, ka san irin zaman da za a yi.

Yaya Talatu Gusau:
Ni duk wannan lissafin na wa ya ci wa ya faɗi bai dame ni ba. Ina Gusau, amma iyayena suna ƙauye ta wajen Zurmi. Yau wata biyu ke nan 'yan'uwana goma sha ɗaya suna gidana, ɗaki biyu gare ni. Ƙanin mijina an ɗauke shi a gona lokacin girbi, sai da muka sayar da shanu biyu da babur kafin aka sako shi, har yanzu in an buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura. Gero yana can a gona ba wanda ya isa ya je ya ɗebo. Na kunna rediyo daren nan don in ji mutum ɗaya cikin manyan nan biyu ya ce ga abin da zan yi wa Zamfara, soja nawa, yaushe. Shi ke nan abin da nake jira. Baba mun ba shi ƙuri'a a Zamfara ba don ya ba mu ko sisi ba, saboda tsaro muka ba shi. Ya zo ya gaya mana inda aka kwana mana.

Baban Amira:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya kawo muku ɗauki Yaya Talatu, Allah ya mayar da alheri.

Ɗan Fagge:
Allah ya kiyaye gaba Yaya. Wallahi ban da bakin magana a kan wannan. Abin Zamfara yana damun kowa, har mu da muke tare da Baba.

Sarkin Yaƙin Waziri:
Allah ya tsare. Ga harin 'yan ta'adda a Metele a watan Nuwamba, ga na Baga a ƙarshen Disamba, ga na Rann a farkon makon nan, duk a jihar Borno. Waɗannan su ne tambayoyin da ake gudu.

Yaya Talatu Gusau:
Na gode muku. Amma Sarkin Yaƙi kada ka ɗauki kukana ka yi kamfe da shi. Naka gwanin ma yana cikin ginin, ya ji an fara, ya shiga mota ya tafi.

Injiniya Bash:
Abin da ya ba ni mamaki, an yi sharhi kusan ashirin ba wanda ya faɗi abin da mutum ukun da suka zo suka ce. Ni na kalla a waya har ƙarshe, datata ta naira 500 ta ƙare a kai. Moghalu ya burge ni. Mutumin nan ya yi mataimakin gwamnan Babban Banki daga 2009 zuwa 2014, zamanin Sanusi Lamido Sanusi, kuma in yana maganar tattalin arziki ka san ya san abin da yake faɗa. Yana da shirin asusun naira tiriliyan ɗaya na ba matasa jari, yana kuma maganar ƙara yawan 'yan sanda sosai. Mataimakiyarsa ma 'yar Kano ce, Umma Getso. Oby ta yi ministar ilimi, ta yi mataimakiyar shugaban Bankin Duniya, ita ce ta tsaya kan batun 'yan matan Chibok lokacin da mutane da yawa suka yi shiru. Alƙawarinta fitar da mutum miliyan 80 daga talauci. Durotoye ya iya magana, amma ni ban kama wani abu a hannu ba daga wurinsa.

Me ya sa kullum sai mu ce mutum biyu ne kawai? 'Yan takara 73 ne a takardar ƙuri'a.

Malama Maman Sadiq:
Injiniya, a mazaɓarku wa ke wakiltar YPP? Wa zai tsaya musu a rumfa ranar zaɓe ya ƙirga ƙuri'a ya karɓi takardar sakamako? Rumfunan zaɓe sun kusa dubu 120 a ƙasar nan a zaɓen nan na 2019. Ni ma Oby ta burge ni a kan ilimi, don ni malamar firamare ce, ajina yara 94 ne, rabinsu a ƙasa suke zama. Ɗana na fari yana gida tun 4 ga Nuwamba saboda yajin aikin malaman jami'a. Amma in na fita na ce wa matan unguwarmu su zaɓi Oby, za su ce wace ce haka?

Injiniya Bash:
To ai shi ya sa ake muhawarar Malama, don a san su.

Malama Maman Sadiq:
A san su da wane harshe? Nan ne inda nake son mu tsaya. Awa biyu ana Turanci, Turancin ma irin na masu digiri uku. Mahaifiyata tana da katin zaɓe, kishiyarta tana da shi, matan gidanmu su tara duk suna da shi, kuma wallahi su ne ke fita su yi layi, ba mu masu waya ba. Ba ɗaya a cikinsu da za ta fahimci jimla biyu a abin da aka yi daren nan. Arewa maso Yamma ce ta fi kowane yanki yawan masu rajista, sama da miliyan 20 cikin miliyan 84. Su waɗannan mutane siyasarsu a rediyo take, su ji BBC da asuba, su ji Kowane Gauta da dare, su ji waƙa a motar kamfe. Wanda ya shirya muhawara bai sa an fassara ta kai tsaye da Hausa da Yarbanci da Ibo ba, ya shirya wa mutanen Abuja da Legas ne kawai. Kuma manyan 'yan takarar sun san haka sarai. Sun san wanda zai ji haushin rashin zuwansu ba shi da yawa, wanda zai zaɓe su kuma bai ma san an yi ba.

Baban Amira:
Malama kin taɓo inda yake min ciwo. Dattijon da na ba ku labari, ko da su biyun sun zo, sai dai ya kalli fuskarsu. Ni zan riƙa fassara masa. Kuma abin takaici, Buhari da Atiku duka Hausa suke ji kamar ni da ke. Da za a zaunar da su awa ɗaya a gidan rediyon Kaduna, Yaya Talatu ta bugo waya ta yi tambayarta da bakinta, wallahi da garuruwan Arewa sun yi tsit a daren.

Ɗan Fagge:
Wannan kam na yarda. Da Hausa Baba ya fi sakin jiki, duk wanda ya ji hirarsa ta rediyo ya sani.

Ɗan Zongo Kumasi:
Gaisuwa daga Gana 'yan'uwa. Muna bin abinku a nan kamar namu. A 2012 John Mahama yana kan kujera ya je Tamale ya tsaya da Nana Akufo-Addo da sauran, aka yi ta a talabijin, kuma ya ci zaɓensa. A 2016 kuma Nana ne ya ƙi zuwa wadda aka shirya a gidan talabijin na ƙasa, shi ma ya ci. Kun ga mu ma ba mu tsira ba. Amma ta Tamale ɗin ta yi daɗi, don an kawo ta Arewa, mutanen wurin sun ji an san da su.

Sarkin Yaƙin Waziri:
Ku dai ku faɗi gaskiya, laifin wanda ke kan mulki ya fi girma.

Alhaji Na Ƙofar Mata:
Ya fi girma, ban musa ba. Shi aka ba amana, shi ya kamata ya fara zuwa ya yi bayani. Amma ɗana ka sani, in Waziri ya ci, bayan shekara huɗu shi ma za a kira shi, kuma abin da ya yi daren nan ya nuna min yana zuwa ne in lissafi ya ba shi, ba don ya ga wajibi ba ne. Ni abin da nake so majalisa ta sa shi a dokar zaɓe, duk mai neman shugaban ƙasa ko gwamna sai ya tsaya, kuma a watsa da harsunan da mutane ke ji.

Injiniya Bash:
Baba Alhaji, waɗanda za su yi dokar su ne 'yan jam'iyyun da ba sa son zuwa. Kuma a gyara yadda ake gayyata. Sowore na AAC ya yi ta ƙorafi an ware shi, jam'iyya biyar kawai aka kira.

Mai kula da zaure:
Jama'a an gode da yadda aka yi ta cikin mutunci. Na goge sharhi biyu da aka yi zagi, don Allah a kiyaye. Tunatarwa: wanda bai karɓi katinsa na zaɓe ba, ana rabawa a mazaɓu har ranar Litinin 21 ga wata, daga nan sai ofishin INEC na ƙaramar hukuma zuwa 8 ga Fabrairu 2019.

Baban Amira:
Na kwana da maganar Malama a raina. Da safen nan na bi ta wajen mai gadin makarantar, na same shi yana shara, na zauna na ba shi labarin abin da mutum ukun suka ce gwargwadon abin da na riƙe. Ya saurara sosai. Da na zo kan maganar ƙara 'yan sanda sai ya ajiye tsintsiya ya ce, "To wa zai biya su? Waɗanda ake da su ma ai kuka suke." Na rasa amsar da zan ba shi. Injiniya, kai da ka kalla har ƙarshe, ko Moghalu ya faɗi inda kuɗin zai fito?

Injiniya Bash:
Bari in sake kallo Malam, an ɗora ta a YouTube. In na samu wurin zan rubuto maka da Hausa ka kai masa.

Malama Maman Sadiq:
Injiniya, in ka samu ka turo min mahaɗin. Zan ɗauki ɓangaren ilimi da na tsaro in karanta su da Hausa a saƙon murya, minti biyar-biyar, in tura wa zauren matan unguwarmu. Hirar Atiku ta ranar 30 ga wata ma haka zan yi, da ta Baba ta ranar Laraba, kowa a ji abin da ya faɗa da abin da ya tsallake.

Yaya Talatu Gusau:
Malama ki sa ni a ciki don Allah. Na tsaron ki fara turowa, mutanen gidana suna nan zaune, zan kunna musu bayan isha'i.